Ango Da Taraktar Haya

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci, gidan Madam Gilberte Dijoux ya turnuƙe da hayaƙin itace da ƙamshin miyar kari. Kaza na ɓararraka a tukunyar ƙarfe can kicin ɗin bayan gida. Mémé, kakar gidan, tana kan kujerarta tana tsince wake, ita kuwa Noéline, 'yar Madam Gilberte, ta kasa zama wuri ɗaya: ta canza riga, ta dawo ta canza ɗan kunne, ta ruga ta leƙa ƙofa.

"Ke, za ki cinye mana siminti da wannan zaryar!" in ji mahaifiyarta. "Sai ka ce shugaban ƙasa ne zai zo."

"Haba Maman, yau fa zai yi magana!"

Kafin ta rufe baki sai ga ƙugi daga ƙasan layi, har kwanukan kan kanta suna rawa. Madam Gilberte ta ɗaga labule, ta dafe ƙirji.

"Yesu-Maryam! A kan tarakta ya zo neman aure! A gaban Clotilde!"

Gaskiya ne. Wilfrid Técher ne cikin kwat da nakatai, a saman jar tarakta da ta sha wanki har tana ɗaukar ido, ga damin furanni ɗaure a gefen sitiyari. Madam Clotilde, maƙwabciyarsu, tuni ta fito tana shayar da shukar da ta riga ta shayar da safe.

An zauna, an ci, Wilfrid ya faɗi abin da ya kawo shi yana zufa. Madam Gilberte ta goge baki a hankali, ta karkata kai irin yadda take yi in za ta taya kifi a kasuwa.

"To, yaro, na ji. Ni dai abu ɗaya na sani. Bikin 'yar Clotilde an kama babban zaure, an kawo makaɗa, motoci sun yi jerin gwano suna hon tun daga nan Saint-Joseph har Saint-Pierre. 'Yata ba za ta gaza haka ba. Duk dangi za a gayyata, har na kan dutse waɗanda ba ma shiri da su."

"Madam, ba ni da ƙarfin wannan yanzu."

"Ba ka da ƙarfi? Wancan jan dodon da ka toshe mini ƙofa da shi fa?"

"Ai ba tawa ba ce tukuna." Wilfrid ya gyara nakatai. "Wasu mutane ne a can Faransa, masu biyan haraji mai nauyi, suka zuba kuɗi ta hannun wani kamfani aka saya, gwamnati ta rage musu haraji. Ni haya nake biya. Sharaɗin shi ne ta yi aiki a tsibirin nan shekara biyar cur, sannan a sallama mini ita. Saura biyu."

"Su waye mutanen?"

"Ban san ko ɗaya ba."

"Tabɗi! Mémé, kin ji? Ko tayar ba tasa ba ce!"

Mémé, wadda kunnenta ke toshewa ne kawai in ta ga dama, ta ce, "Eh, waken ya yi taushi."

Kwanaki kaɗan bayan haka Madam Gilberte ta dawo daga kasuwa fuskarta kamar an kunna fitila. Ta jawo Noéline ɗaki, ta tura ƙofa.

"An gama! Na haɗu da wani dillali, yana sayen injuna yana lodawa a jirgin ruwa zuwa wata ƙasa. Ya ce zai biya nan take. Wilfrid ya wayi gari ya ce an sace, shi ke nan! Zaure, makaɗa, rigar amarya mai jela, duk sun samu!"

"Maman! Wannan ai sata ce."

"Satar me? Kayan wasu ƙattin Turawa da kuɗi ya yi wa yawa har suna ɓoye shi a tarakta? Ko a jikinsu! Ki je ki gaya masa. In yana sonki ya nuna. In ya ƙi, kada ya sake taka mini ƙofa."

Noéline ta san maganar ba daidai ba ce, amma rigar mai jela ta kwana tana yi mata yawo a ka. Washegari da ta tashi daga aikinta na kantin magani, ta hau mota ta sami Wilfrid a ma'aunin rake, inda manoma ke kai rakensu a auna, yana cikin layi da tirela maƙare, ƙurar rake ta yi masa furfura. Ta zayyana masa komai cikin ɗoki, har tana tafa hannu.

Wilfrid ya kashe inji.

"Noé, kin san abin da zai faru in taraktar nan ta ɓace? Ofishin haraji zai bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce su dawo da rangwamen da aka yi musu. Banki sun ƙi ni, su kuwa ba su taɓa ganina ba suka yarda da ni."

"Ni kuma da ka gani fa? Ni ban yarda da kai ba?"

"Ba zan aure ki da kuɗin cin amana ba."

"Kawai ka ce ka fi son tarakta a kaina! Ka je ka sa mata zobe, ku haifi 'yan babura!"

Direbobin da ke layi suka kwashe da dariya. Wani ya leƙo ya ce, "Wilfrid, a gayyace mu suna!" Noéline ta juya da gudu, hawaye na wanke mata kwalli.

A gida ta faɗa kan cinyar Mémé tana shessheƙa. Tsohuwa ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, da kunnenta a buɗe tar, "'Yar nan, kakanki ya yi mini biki na kece raini, kafin shekara ya sayar da sarƙata ban sani ba. Yaron da ya kasa cutar wanda bai taɓa gani ba, ke zai cuta da kike kwana gefensa?"

Noéline ta share ido. Da yamma ta tsaya gaban mahaifiyarta.

"Maman, ba zan yi aure ba da albarkarki ba. Amma ba zan ƙara ce masa ya sayar ba, kuma ba zan auri wani ba. Zan jira."

"Ki jira! Ki jira har ki yi tsatsa tare da ita!"

Daga ranar gidan ya koma filin daga. In an ji ƙugin tarakta a layi, Madam Gilberte ta ja labule da ƙarfi. Ta fara gayyato 'ya'yan ƙawayenta cin abinci: wani ma'aikacin banki mai magana kamar yana karanta labarai, wani malamin motsa jiki da ya cinye rabin kaza bai ce uffan ba. Noéline ta zuba musu shinkafa cikin ladabi, suna fita ta tsaya tsakar ɗaki ta kwaikwayi tafiyarsu har Mémé ta ƙware. Amma in ta shiga ɗaki kuka take. Wilfrid ya karɓi haƙurin da ta ba shi, sai dai ya ce ba zai riƙa ganinta a ɓoye ba. Gaisuwa kawai suke yi a ƙofar coci, daga nesa.

Haka aka tafi har aka gama saran rake, itatuwan leci suka yi jajir da nunannun 'ya'ya. Sai ga waya: Tonton Aristide zai zo Kirsimeti!

Tonton Aristide, wato kawun Noéline, yayan Madam Gilberte ne, likitan haƙori a birnin Lyon na Faransa, kuma shi ne abin taƙamarta a duniya. Ba ta buɗe baki sau uku ba ta ce "yayana na Lyon" ba. Aka yi fenti, aka yanka zakara, aka ari kujeru. Ya sauko daga motar haya da gyale naɗe a wuya cikin wannan zafin namu, yana magana ta hanci kamar mai mura.

"Ooh, Gilberte, ƙanwata! Ooh, Maman! Wannan iska! A Lyon sai ka biya kafin ka shaƙi irinta!"

"Cire tsumman nan daga wuyanka kafin ka suma," in ji Mémé.

A kan tebur ya ci kamar wanda aka sako daga kurkuku. Ya ɗaga cokali ya ce, "Ina da wani albishir, amma sai mun gama. Ke kuma Noéline, me ya sa kika rame? Ina surukin namu?"

Abin da Madam Gilberte ke jira ke nan. Ta ajiye cokali, ta gyara zama.

"Suruki? Wani mai taurin kai ne, Aristide! Yana da tarakta a hannu, na samo masa mai saye, ya ce wai amana ce. Amanar wa? Ta wasu shashashai a can wajenku masu gudun haraji! Na ce ya ce an sace, wa zai sani?"

Tonton ya yi dariya, amma dariyar ta tsaya a rabi.

"Tarakta... ta haya? Ta tsarin rangwame?"

"Ita fa!"

"A nan garin? Wane launi?"

"Ja, kamar barkonon da ke gabanka."

Tonton ya zaro waya, ya lalubo hoto ya miƙa. Ga jar tarakta, ga Wilfrid tsaye gefenta yana washe baki. Noéline ta yi tsalle har kujera ta kife.

"Shi ne! Tonton, shi ne!"

"Albishir ɗina ke nan!" Tonton ya miƙe, hancin Lyon ya gudu, muryar garinmu ta dawo masa tsaf. "Ni na roƙi kamfanin su sa kuɗina a injin da zai yi aiki a garinmu! Gilberte, ni ne shashashan! Ni da wata malamar makaranta da wasu mutum biyu! Da yaron nan ya bi maganarki, da yanzu 'yan haraji sun tuɓe ni har gyale!"

Ya wawuri abin da ya zata tumatir ne ya jefa baki. Barkono ne. Ya hau tari yana hawaye yana nuna ƙanwarsa da yatsa, Noéline na ɗura masa ruwa tana dariya tana kuka, Mémé kuwa ta buga tebur tana cewa, "A maimaita, ban ji ba!"

Madam Gilberte ta tashi ta shige kicin, suna jiyo ta tana ta goge tukunyar da ba ta da datti.

Tonton bai tsaya ya huce ba. Ya sa Noéline ta kai shi gidan su Wilfrid, ya rungume shi, ya rungumi tarakta, ya ɗauki selfi da su duka biyun. Ya ce shi zai biya zaure da makaɗa. Wilfrid ya yi godiya, ya ce, "Monsieur, ba zaure ne ya hana ba. Sai mahaifiyarta ta ce ta yarda, da bakinta."

Kirsimeti ta wuce, Madam Gilberte ba ta tada maganar ba. Sai wata safiya Noéline ta fito ta tarar da ita tana ɗaure kwanon abinci a ƙyalle, ta sa hular zuwa coci.

"Ina zuwa, Maman?"

"Ina ruwanki? Ɗauko lema ki biyo ni."

Suka sami Wilfrid yana huɗa a wata gona, rana ta take. Ya gan su ya diro da sauri, ya cire hula. Madam Gilberte ta tsaya cikin laka da takalminta mai tsini, ta miƙa masa kwanon ba ta kalle shi ba.

"Ka rame. Mutane za su ce ba na ciyar da surukina."

Wilfrid ya kasa karɓa. "Madam..."

"Maman ake cewa." Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. "Na ce ka yi abin kunya, ka ƙi. Ba don yayana kaɗai ba, ɗana. Ko da baƙi ne gaba ɗaya, kai ne kake da gaskiya. Ka yafe mini."

Noéline ta jefar da lema ta ƙanƙame su duka biyun, tana ihu har tsuntsaye suka tashi daga gonar.

Bayan Ista aka ɗaura aure. Ba a karɓi tayin zauren Tonton ba, a tsakar gida aka yi, da kujerun aro da tukwanen maƙwabta, Madam Clotilde da kanta ta soya samosa, ta kuma fi kowa rawa. Da shekarun suka cika aka sallama wa Wilfrid taraktarsa, kamfanin kuma ya sake nemansa da wani injin, don irinsa suke cigiya.

'Yan uwana 'yan mata, ku riƙe wannan. Biki yini ɗaya ne, a ci a watse, halin miji kuwa da shi za ki tashi kullum. In kina son ki san yadda namiji zai riƙe ki, ki dubi yadda yake riƙe kayan mutumin da ba ya ganinsa. In kin samu mai amana, ki yi haƙuri ki jira shi, ko duk unguwa na yi miki dariya.