Gidan Da Ba A Faɗin Inda Yake

Ni na fara gani, kafin Madam shugabarmu, kafin kowa a ofishinmu. Shekara arba'in ina tuƙi, mota ta kife da ni sau uku na fito da ƙafata. Ban san biro ba, amma fuskar mutum ba ta ɓoye mini komai.

Ran nan asibiti muka je ɗauko wata mata da mijinta ya karya wa hannu. Aikinmu ke nan: macen da aka ci zarafinta a gida, a yi mata magani, a saurare ta, in tana so a kai ta wani gida da ba a faɗin inda yake. Anti, ma'aikaciyar da aka haɗa ni da ita, tana shiga mota matar ta ɗago kai. Ta madubi na ga fuskar Anti kamar an zuƙe mata jini.

"Ke ce...?"

"Don Allah kar ki faɗa musu!"

Matar yayan Auta ce. Auta kuwa shi Anti za ta aura, saura sati uku.

Anti ta matsa kusa da ita.

"In riƙe miki hannun mai lafiyar?"

Matar ta gyaɗa kai.

"Ba laifinki ba ne. Kuma ba mai ji daga bakina. Ke da kanki, me kike so yanzu?"

"Barci... Barcin da ba zan riƙa sauraron takun ƙafarsa ba."

Muna komawa Anti ta faɗa wa Madam gaskiya. Madam ta miƙa aikin ga wata ma'aikaciya, don ba a ba mutum shari'ar danginsa. Amma gidan, Anti ta riga ta san shi.

Ashe 'Yar Gayu, 'yar ƙanwar mahaifiyar Auta, wadda ta daɗe tana son sa, ta hango su a asibiti. Kafin la'asar labari ya kai wa Mama, uwar su Auta. Washegari aka kira Anti. Abin da ya faru a falon Mama, ita ta ba ni labarinsa a mota tana share ido.

"Zauna, 'yata. Ina surukata?"

"Mama, ki gafarce ni. Ba na maganar aiki a waje."

"A waje? Mu ne wajen?"

'Yar Gayu ta taɓe baki. "Ai na faɗa miki, Mama. Tun ba ta shigo ba ta fara raba aure. In ta shigo kuma, ke za ta kai ƙara!"

"Saɓani ne na miji da mata," in ji Mama. "Ki faɗi inda take mu ɗauko ta, a rufa asiri."

"Ba zan iya cewa komai ba, Mama."

"To ni ma ba zan iya ba ki ɗana ba. Tashi!"

Auta ya biyo ta har bakin titi, rigar aikinsa ta gyaran lantarki ko maɓalli bai sa mata ba.

"Rabin raina, tsaya mana!"

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ni kaɗai ki faɗa wa. Na rantse ba zan kai kowa ba. In dai na ce wa Mama na san tana lafiya, za ta sauko."

"Masoyi, ko cewa na taɓa ganinta ba zan yi ba."

"Har ni?"

"Har kai..."

"Ashe ba ki yarda da ni ba."

"Na yarda da kai. Amma amanar ba tawa ba ce da zan ba ka kyauta."

Ya dube ta, ya juya ya koma gida.

Kwana biyar babu kira, babu saƙo. Anti ta rame a idona. Waya na motsi za ta zabura, in ta ga ba shi ba ne ta kifa ta a cinya. Tana tsoron ya tafi ke nan, tana kuma tsoron ya dawo ya sake tambaya, don ba ta san ko zuciyarta za ta iya ƙi sau biyu ba.

"'Yata, ki ci wani abu," na ce mata.

"Baba Direba, in ya bar ni fa?"

"In ya bar ki ni zan aure ki, haƙori shida ne kawai ba ni da su."

Ko murmushi ba ta yi ba.

Rana ta shida da hantsi muna kan hanyar kotu da wasu takardu, wayar ta yi ƙara. Shi ne.

"Ku ɗauke ta! Yanzu-yanzu!"

"Auta, me..."

"'Yar Gayu ta je wurin mahaifiyar matar Yaya da kukan ƙarya, ta samo kwatancen gidan. Yaya ya fita da mota, ya ɗauki bel ɗin wandonsa a hannu. Kar ki ce mini komai, ba na son sani. Ku hanzarta kawai!"

Ku lura, ta bakin tsohuwa aka samu, ita kaɗai matar ta faɗa wa inda take. Motata ba a taɓa bin ta ba.

Anti ta kira Madam, Madam ta kira 'yan sanda da mai kula da gidan. Ni kuwa na karya kan mota. Lungunan da na bi, yaran direbobin yanzu ko a mafarki ba su san su ba. Anti na riƙe da kujera tana ta "Allah ka sa mu riga shi, Allah ka sa mu riga shi..."

Mun tarar da matar a bayan ƙofa, takalmi ƙafa ɗaya. Anti ta durƙusa a gabanta.

"Ya gano nan. Akwai wani gidan, akwai kuma ofishin 'yan sanda. Wanne kika zaɓa?"

Matar ta miƙe tsaye.

"Na gaji da ɓuya. Ku kai ni in yi ƙara."

Muna fita ta ƙarshen layi, motar mijin na shigowa ta farkonsa. Ni na gan shi, su ban ce musu komai ba sai da muka yi nisa.

A ofishin 'yan sanda muka tarar da Auta zaune a benci, ido jajir.

"Me ka zo yi?" Anti ta tambaye shi.

"Shaida." Ya sunkuyar da kai. "Shekara huɗu ɗakina na jikin nasu. In ta fara kuka sai in ƙara sautin rediyo. Ke ko sati ba ki yi da sani ba kika yarda ki rasa ni a kanta. Ki yafe mini, hasken idona."

"Mama fa?"

"Ta ce in na fito kar in koma."

Anti ta rufe fuska ta fashe da kukan da ta riƙe kwana shida.

Kotu ta hana mutumin kusantar matar, ta kuma raba auren yadda matar ta nema. Auren Anti ya ƙara wata biyu kafin a ɗaura. Mama ba ta zo ba. Sai da amarya ta tare da sati ɗaya ta aiko a ce wa Auta fankar ɗakinta ta lalace, in zai zo gyara ya taho da matarsa ta riƙe masa tsani.

Ni na kai su, ni na dawo da su suna dariya. Wanda ya ce ba haka aka yi ba, kullum da safe ina bakin ofis ina goge mota. Ya zo ya faɗa a gaban idona in ya isa!