Kishin Sasil da Tafkin Don Nazario

Ranar da Gaspar Tun ya fara taka gadar katakon garinmu, kyamara a wuya, doguwar sandar fatsa a kafaɗa, Sasil Canché tana zaune inda ta saba, ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa, tana ɗaura ƙugiyoyi. Sana'arta ke nan tun tana ƙarama. Za ta ɗauki ƙugiya tsirara ta naɗe ta da zare da gashin kaza da ɗan dalma, sai ga kaguwa ta fito wadda kifin palometa zai rantse mai rai ce. Duk mai panga, wato ƙaramin jirgin fatsa, a gaɓar nan wurinta yake saye.

Gaspar ya tsaya a kanta, dogo siriri, ya ɗauki guda ya jujjuya.

"Wannan ƙafarta ɗaya ta fi sauran tsawo," in ji shi.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ka taɓa ganin kaguwar da tela ya auna wa ƙafafu? In ba saye za ka yi ba ajiye min kayana."

"Ashe mai kaguwar ta fi kaguwar mintsini."

"Kai kuma ka tsaya min a ka sai ka ce zalɓe. Matsa, ka tare min haske."

Ya matsa ɗin, amma sai ya durƙusa, ya bar rana a bayansa, ya ɗauki hoton hannuwanta. Da ya juyo mata da kyamarar ta gani, sai ta ƙura wa hoton ido. Ita dai ba ta taɓa sanin yatsunta suna da kyau haka ba. Kaguwa shida ya saya ranar, alhali ko jirgin da zai hau bai samu ba tukuna.

Kafin wata biyu sunayen nan sun zauna daram. Ita Kaguwa, shi Zalɓe. Wayarta kuwa ba ta hutawa.

"Kaguwata, yau na ga palometa uku sun ɗago wutsiya a ruwa iya gwiwa. Na jefa musu kaguwarki suka ƙi. Ina jin sun gane ta mai saurayi ce."

Ta mayar masa: "Jifan ne ba ka iya ba, Zalɓe. Kada ka ɗora wa kayana laifi. Ka ci abinci kuwa?"

Matsalar ɗaya ce, mahaifinta. Don Nazario shekara talatin yana kai baƙi fatsa, kuma yana da wani tafki ɓoye a cikin itatuwan bakin teku wanda babu mahaluƙin da ya san hanyarsa. In palometa suka yi wuyar gani a ko'ina, shi sai ya kashe inji, ya ɗauki gora, ya ɓace da baƙonsa, da yamma ya dawo da tuta a gaban panga alamar an kama. An bi shi a baya har an gaji. Ko Sasil bai taɓa kai ta wurin ba.

Da ya ji zancen Gaspar, tsaki ya yi.

"Mai kyamara? Mutumin da duk abin da ya gani sai ya nuna wa duniya, shi zan ba 'yata? Cikinsa ba ya riƙe ruwa."

Matarsa Doña Fidelia ta ajiye masa kofi da ƙarfi. "Kai ma da babana ya yi irin tunaninka ai da yanzu kana gwauro. Gwada yaron mana."

Haka aka yi. Kowace panga a nan mutum biyu ke aikinta, babba a baya yana tura gora, ƙarami a gaba kusa da baƙo. Don Nazario ya ɗauki Gaspar a matsayin ƙarami na kaka guda, ya kafa masa sharaɗi.

"Zan kai ka tafkina. Hoto a can, ruwa da kifi da fuskar baƙo kawai. Ranar da ko ganye ɗaya na gaɓar ya fito a hotonka, ka manta da hanyar gidana."

"Na ji, Don Nazario. In na saɓa ku yi min duk hukuncin da kuka ga dama."

Gaspar ya riƙe alkawari. Shiga ruwa yake yi har ƙirji, ya sauke kyamara dab da ruwan, ya ce wa baƙo ya ɗago kifin daidai ƙirgen uku ya mayar, don a nan ba a kashe palometa, hoto ake yi a sake shi. A bayan baƙon kuwa babu abin da ke fitowa a hoton sai sararin sama. Da la'asar ya kawo wa Sasil kyamarar, ita ke tace hotuna a kwamfutarsa ta sa a shafinsa na intanet, don tuni ya ba ta lambar sirrinsa. Tsoho ya fara saukowa. Har aka sa ranar Lahadin da dangin Gaspar za su zo daga garinsu Xcalak neman aure.

Ana saura mako uku wata baƙuwa mai suna Renata ta sauka, ta zo fatsa.

Daga birnin Monterrey take, 'yar gayu, mai dariya da dukan baki, kuma ta iya jifa, wannan kam ba a hana ta. Tun ranar farko ta laƙaba masa "Gasparito". Sasil tana rumfa ta ji sunan ya taso daga gada, zaren hannunta ya tsinke.

"Wane ne kuma Gasparito?" ta rubuta masa.

"Baƙuwa ce, Kaguwata. Haka suke yi."

"To gobe ka ce ta ɗaura maka ƙugiya."

Abin haushi, Renata ba ta ma san tana yi ba. Ta zo rumfa ta sayi kaguwa goma, ta yabi aikin, sannan ta ce, "Yaron nan naku zinariya ne. Jiya shi ya kama hannuna ya gyara min jifa cikin iska."

"Hannunki?" in ji Sasil, tana murmushin da ya fi kuka ciwo. "Madalla."

Kwana shida tana kallon panga na fita da asuba, Renata a gaba, Gaspar a gefenta kafaɗa na gogar kafaɗa. Ta san aiki ne. Ta san babanta na tsaye a bayansu da gora. Amma kishi ba ya jin wa'azi. Abinci ya daina shiga, kaguwowin da ta ɗaura a makon nan duk a karkace suka fito.

Ranar ƙarshe Don Nazario ya kai Renata tafkin. Ya hango wutsiya, ya yi raɗa, "Hagunki, taku ashirin. Jefa!" Ta jefa, kifi ya ɗauka, aka yi ta ja-in-ja kusan awa guda. Da Gaspar zai dira ruwa ya kamo wutsiyar, sai ya miƙa wa tsoho kyamara ya riƙe masa. Kifi ya shigo hannu, Renata ta yi ihu ta rungume wuyan Gaspar don murna. Don Nazario kuwa, da bai taɓa danna kyamara ba a rayuwarsa, babban yatsansa ya sauka a kan maɓalli bai sani ba.

Da la'asar Sasil ta buɗe hotuna, ta ci karo da shi.

Hannun Renata a wuyan Zalɓenta. Kumatu a kan kumatu. Shi kuma yana dariya, haƙora talatin da biyu a waje.

'Yar mai panga ce, ta san doka tun tana rarrafe: kafin ka saki hoto, abin da ya fito a bayan mutanen za ka fara dubawa. Amma idonta bai wuce hannun nan ba. Ba ta ga bishiyoyin kwakwa biyu da suka gicciye juna a baya ba, ɗaya tsawa ta cire mata kai. Nan take ta sa hoton a shafin Gaspar, ta rubuta a ƙasa: "Ni da tawa." Nufinta gari ya yi masa dariya, ya ji kunyar da take ji. Ta rufe kwamfuta ta kashe waya.

Babu wanda ya yi dariya. Masu panga ba rungumar suka kalla ba. Kowa ya san kwakwar nan mai yankakken kai, ana hango ta daga bakin mashigi, sai dai ba wanda ya taɓa zaton akwai ruwa a bayanta. Washegari da Don Nazario ya tura gora ya shiga tafkinsa, panga bakwai ya tarar, biyu ma da inji a kunne.

A kan gada, gaban jama'a, ya tsayar da Gaspar ya nuna masa waya.

"Shafinka ne wannan?"

Gaspar ya kalli hoton, ya karanta rubutun. Ya ɗaga ido can rumfa inda Sasil ta daskare da ƙugiya a hannu. Ya mayar da kansa ƙasa.

"Shafina ne, Don Nazario."

"Ba ka da abin cewa?"

"Babu."

"Kwashe kayanka daga jirgina. Ka aika wa danginka kada su wahalar da kansu ranar Lahadi."

Da yamma saƙonsa ya shigo mata.

"Kada ki faɗa masa. Ni in ya tsane ni baƙo ya tsana, zai warke. In ya san ke ce, ban san yadda zai ɗauka ba. Renata kifinta take wa murna, wallahi ko lambarta ba ni da ita. Ke kaɗai ce, Kaguwata, ko da aure ko babu."

Ta karanta ta kifa kai a tebur ta yi kuka har gashin kazar ya jiƙe.

Kwana tara ta yi tana kallon abin da ta jawo. Ƙarar inji ta kori kifin, tafkin ya zama kamar kowane ruwa. Babanta ya daina dawowa da tuta, ya daina hira, in ya zauna cin abinci sai ya yi ta kallon kwano. Gaspar ya koma taya masu kamun langosta, wato manyan jatan lande, jan kaya, duk inda ya gifta ana nuna shi da baki. Bai kare kansa ko sau ɗaya ba.

Rana ta goma da hantsi, Don Nazario na wanke panga, masu jirgi cike da gada, Sasil ta taso daga rumfa ta tsaya a kansa. Ba ta rage murya ba.

"Baba, ni na sa hoton nan. Gaspar bai ma san akwai shi ba. Na ga matar nan ta rungume shi, hankalina ya gushe, ban duba baya ba. Ni na kashe muku tafki."

Tsoho ya daɗe riƙe da soso yana ɗigar da ruwa.

"Shi ya san ke ce?"

"Tun ranar. Shi ya hana ni faɗa."

"To tsaya. In yaron yana cikin hoton, wa ya ɗauka?"

Wani daga masu panga ya yi gyaran murya. "Compadre, aminina, ku uku ne fa a jirgin."

Don Nazario ya kalli babban yatsansa kamar yau ya fara ganinsa. Sai ya jefar da soson, ya hau gada, ya wuce 'yarsa, ya nufi rumfar langosta. A can ya sami Gaspar da buhu a kafaɗa.

"Sauke wannan. Kai wane irin mutum ne? Na ci mutuncinka gaban gari, kana da gaskiya ka haɗiye?"

"Ba gaskiyata ba ce ni kaɗai, Baba. Da ita a ciki."

Tsoho ya cire hula ya share fuska da ita. "Ka kira danginka. Wannan Lahadin, kafin in sake yin wata wautar."

Da ya koma gida fa Sasil ta sha faɗa, ba a raga mata ba, mako guda bai karɓi kofi daga hannunta ba. Ita da Gaspar kuwa a ƙarshen gada suka haɗu, ta kasa haɗa ido da shi.

"Ka yafe min, Zalɓe."

"Na yafe tun kafin ki tambaya. Amma kin san wani abu? Rubutun ne ya fi min ciwo. Ni da tawa. Ni tawa ɗaya ce, kuma ga ta nan tana sharar majina."

Ta kai masa duka a ƙirji tana dariya da hawaye. "Duk da haka fa, in wata ta sake kama kifi, ka miƙa mata hannu ku gaisa daga nesa."

"Daga nesa, ranki ya daɗe."

Dangi suka zo daga Xcalak da burodi da cakulan da talotalo biyu. Bayan wata uku aka ɗaura aure a ƙaramin cocinmu, Sasil cikin farar riga mai furannin da mahaifiyarta ta yi wata biyu tana ɗinkawa. Aka ci gasasshen kifi da baƙar miyar talotalo, aka yi rawar jarana har yashi ya tashi. Masu panga bakwai ɗin nan duk sun zo, suna ta sunkuyar da kai.

Tafkin dai bai dawo ba, kuma tsoho bai yi kamar abin bai dame shi ba. Da aka nemi ya sa albarka, ya miƙe ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan angon, sannan ya ce:

"Shekara talatin ina gadin ruwan nan, a yini ɗaya ya tafi, kuma har gobe in na tuna zuciyata tana zafi. Amma da bai tafi ba, da ban san hannun da zan bar wa 'yata ba. Gaspar, yadda ka rufa mata asiri, Allah ya rufa maka naka. Ke kuma Sasil, mijin nan da tsada na saye shi, ki riƙe shi da kyau. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Gari ya amsa da amin, Doña Fidelia ta rangaɗa guɗa, amarya ta faɗa ƙirjin babanta tana kuka.