Ƙwanson Teku a Rijiyar Maigandi

Da hantsi Dakta Adawiyya, mai binciken duwatsu, ta kira Sufeto Riskuwa ɗakin bincikenta da ke Gwadangaji. An sace mata wata 'yar kwalba.

"Mi ke ciki?" in ji Sufeto.

"Ƙwanson wata tsohuwar halittar teku, bai kai ƙwayar rairayi ba. Cikin rijiyar wata gona a Argungu muka samo shi. Ba a taɓa ganin irinsa ba."

"Teku? A Kabi?"

"A zamanin da, duk ƙasar nan ƙarƙashin teku take," ta ce. Ta kunna kwamfuta. Na'urarta ta riga ta ɗauki hotonsa ta kowace fuska. Ga shi ya cika allo yana juyawa sannu a hankali, ɗaki cikin ɗaki. Riskuwa ya shagala, ya ga kamar ruwa ya lulluɓe Birnin Kebbi, kifaye na shawagi bisa rufin gidaje.

"In babu ƙwanson, ba mai yarda da hoton," ta ce. "Aikina ya tashi a banza."

Mataimakinta Mujtaba ya rantse babu baƙon da ya shigo. Riskuwa ya nuna masa buhun albasa a bayan ƙofa. Sai Mujtaba ya sunkuyar da kai, ya ce Malam Maigandi mai gonar ne ya kawo jiya, shi kuma ya fita amsa waya ya bar shi.

A Argungu Riskuwa da kofur ɗinsa suka iske dattijon zaune bakin rijiyar, shinkafa ta yi kore shar har gaɓar gulbi.

"Ranka ya daɗe, albasa na aje bakin ƙofa na juya. Mi zan yi da abu mai ɗakuna kamar saƙar zuma?"

"Baba, ido ba ya ganin ɗakunan. A ina ka gan su?"

Maigandi ya cire hularsa, ya zaro kwalbar daga ciki.

"A allon nan na gan shi yana juyawa. Mutane na cewa saboda abin ga za a amshe gonar ubana. Na so in maishe shi inda ya fito, amma duk sanda na ɗaga hannu, sai in kasa saki."

Riskuwa ya karɓi kwalbar. Ya hana kofur sa masa ankwa, da kansa ya buɗe masa ƙofar mota.

Da suka hau titin Birnin Kebbi, dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin teku?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"Ni ma. Ga shi na tsufa ina noma a kansa."