Wadda Ta Tura Motar Bunu

Yamma ta yi sanyi lokacin da Bunu ya baro Birniwa, shi da 'yarsa Adila, daga sunan jikan yayarsa. Yayyafi aka yi ta yi tun azahar, shi ya sa ya kunna fitilun mota. A bakin wata fadama ya hango masunta suna fito da kifi, kuma Bunu mutum ne da sayar da kifin banda ya ci da gidansa a Haɗeja tun yana saurayi, ba ya iya wuce kwalekwale bai leƙa ba. Ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya manta da fitilu. Ciniki ya yi tsawo, bai kuma faɗa ba. Masuntan suka tura kwalekwalensu suka shige cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye bakin ruwa.

Da ya dawo ya murɗa makulli, motar ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Batirin dama ya tsufa.

Bunu bai rikice ba, don ba yau ya fara kwana da matsalar mota ba. Ya sa Adila ta fito ta tsaya can nesa da kwalta. Ya karyo rassan geza ya jera su a bayan motar da tazara, yadda mai tahowa zai gani tun daga nesa ya rage gudu. Ya buɗe bonet ya kankare farin gishirin da ya taru a kan batirin, ya ƙara ɗaure wayoyin, ya sake gwadawa. Shiru. Wayarsa ba ta kama ko'ina. Motoci kaɗan suka wuce, ya ɗaga musu hannu, babu wanda ya ko waiwayo. Magariba ta kawo jiki, kowa gida yake nema.

Abin da ya rage shi ne turi. Adila ta iya mota, shi ya koya mata, kuma tana shekararta ta ƙarshe a makarantar koyon jinya, ba yarinya ba ce mai saurin firgita. Ya zaunar da ita a sitiyari, ya ce ta sa giya ta biyu ta danne kuloci, in motar ta ɗauki gudu ta saki. Ya kwashe rassan daga hanya, ya dafa bayan mota ya tura. Wurin yana da ɗan hawa. Ya tura har jijiyoyin wuyansa suka fito, motar ta matsa kamar taku ɗaya ta dawo.

Ya tsaya yana haki. Kwaɗi sun fara kuka, sauro na yi masa waƙa a kunne. Cikin gajiya, ba da kowa yake ba, ya ce, "Wallahi duk wanda ya sa mana hannu yau, sai na kai shi har inda za shi."

Ya sake dafawa. Motar ta zame daga hannunsa kamar jama'a ne suka taru a bayanta, har ya faɗi a kan gwiwoyinsa. Kwaɗin duk sun yi tsit. Can gaba injin ya yi tari ya kama.

Ya karɓi sitiyari yana hamdala, bai bari motar ta mutu ba. Adila ta ce kujerar baya na warin danyar laka, ya ce takalmansu ne. Da suka iso mararrabar da ke shiga wajen dajin Baturiya, ta juyo ta dube shi, ta ce a hankali, ba nan za su bi ba, ya karya kwana. Ya yi dariya ya tambaye ta ko barci take ji. Ya miƙe hanyarsa har suka shiga Haɗeja.

Washegari ya sa sabon batir. Motar ta tashi da safe, da yamma ta ƙi. Maƙwabcinsa ya kawo tasa motar aka jona waya, ja da ja, baƙi a jikin ƙarfe, aka bar injin maƙwabcin na aiki har ya gaji; ta Bunu ko tari ba ta yi ba. Bakanike ya zo ya duba ya koma yana sosa ƙeya. Haka motar ta zauna a cikin gida, gindin bishiyar darbejiya, bayanta ya ɗan sunkuya kamar an loda mata buhuna.

Sai jifa ya fara. Kullum da an kira magariba, abu zai faɗo a kan rufin kwano, tim, a huta, tim. Zara, matar Bunu, ta tsinto abin da safe: curin baƙar laka ce jiƙaƙƙiya, da ƙananan katantanwa a jiki, irin da ba a samu sai a gindin fadama. Maƙwabta suka zagaya bayan gida ba su ga kowa ba. Wata yamma Bunu ya cire batirin gaba ɗaya ya shigar da shi ɗaki, amma yana alwala ya ji ana ƙwanƙwasa gilashin motar daga ciki, a hankali, irin ta fasinjan da ya gaji da jira.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya sami Adila. Ta daina zama. Tun asuba take zagaya tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa zaure, daga zaure zuwa bakin rijiya, tana jan ƙafar hagu kamar gurguwa. Ta ƙulle kayanta a zani, ta kwance, ta sake ƙullewa. In Zara ta miƙa mata abinci sai ta ce a bari sai an isa. Da rana ta yi ja, za ta shige kujerar bayan motar ta rungume ƙunshinta, ta kafa wa hanya ido. An kai ta asibiti, aka auna abin da za a auna, aka ba ta maganin barci. Ta sha, ta ci gaba da zagayenta ido a rufe. Tafin ƙafarta ya tsage. Bunu kansa ya kasa zaman kasuwa, ya je ya dawo, ya je ya dawo, kifinsa na yin ƙwari a kwali.

Ranar da aka manta ƙofar zaure a buɗe, sai a babban titi aka same ta, tana tafiya a tsakiyar kwalta ta nufi gabas. Wani direban tirela ya taka burki har tayoyinsa suka yi hayaƙi. A ranar Zara ta ce wa Bunu ko ya je ya ɗauko Malam Umara, ko ita ta je da ƙafarta.

Malam Umara tsoho ne, kakanninsa daga bakin tafkin Cadi suka zo, karantarwa ce aikinsa, ba ya son hayaniya. Ya zo bayan la'asar. Ya ce a sallami 'yan kallo, Zara ta riƙe 'yarta a kan tabarma, Bunu ya zauna kusa. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, bai gaggauta ba. Inuwar darbejiya ta yi ta tsawo har ta taɓa bango. Ƙafafun Adila, da ba su huta ba tun ranar nan, suka tsaya cak.

Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, mai kaushi, kamar ana jan tukunya a kan yashi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa ba ni na yi ƙarya ba."

Malam ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta gidan mutane. Ta ce ita aljana ce, a wata tsohuwar giginya take a bakin fadama, ambaliyar bara ta tumɓuke ta. Danginta suka tashi suka koma dajin Baturiya, ita ƙafarta ba ta da lafiya, suka bar ta a baya. Tun lokacin take zaune a bakin titi tana kallon motoci.

Kan Adila ya juya wajen ubanta. "Wannan ya rantse da Allah. Ya ce wanda ya sa hannu zai kai shi inda za shi. Na sa hannu. Da muka zo mararraba na gaya masa, ya yi mini dariya."

Sai a lokacin maganar ta dawo wa Bunu, kalma bayan kalma. Malam ya dube shi, Bunu ya sunkuyar da kai ya ce haka aka yi.

Malam ya ce da ita, ko da an yi mata alkawari, yarinyar ba ta yi mata ba, zalunci ne ta hau ta. Tsohuwar ta ce to yarinyar ta kai ta da ƙafa, ta sauka a can. Malam ya ce ko taku ɗaya. Ta ce a yanka mata baƙin bunsuru ta haƙura. Malam ya ce ba a zubar da jini don wanin Allah a gidan da yake zaune, ya ɗaga murya ya koma karatu, har ta yi ƙara ta ce ya tsaya. Ta ce to a bar mata motar ta zama ɗakinta. Bunu ya buɗe baki zai ce ya bayar, Malam ya dafa gwiwarsa; in ta zauna a motar, ai tana cikin gidan ke nan har abada.

"Abin da aka ce za a yi miki shi za a yi," in ji Malam. "Ki fita daga jikinta yanzu, ki koma mota. Gobe da rana tsaka a kai ki. Ki sauka, ba ke ba gidan nan."

"Motar ba za ta tashi ina ciki ba. Wutar cikinta na cizo na, ni na kashe ta. Ranar na daure ne don na zaci tafiyar gajera ce."

"Sai a ja ta."

Sannan ta rantse kamar yadda Malam ya karanta mata. Adila ta yi atishawa, jikinta ya saki a hannun uwarta, barci ya ɗauke ta nan take. A gindin darbejiya motar ta yi ƙara, bayanta ya ƙara nutsewa. Magaribar ranar babu abin da ya faɗo a kan kwano.

Yunusa, ƙanin Zara, shi ke da a-kori-kura. Washegari ya zo da igiya mai kauri, ya ƙi ɗaura ta a bamba, ya kwanta a ƙasa ya nemo ƙugiyar da aka yi don ja, ya ɗaura jan ƙyalle a tsakiyar igiyar saboda masu babur. Ya ce wa Bunu ya murɗa makulli kada sitiyari ya kulle, ya cire giya, ya tuna burki zai yi tauri tunda inji ba ya aiki, kada kuma ya bari igiya ta yi sako-sako. Tunda hon ya mutu, in yana so a tsaya ya fito da hannu ta taga. Malam ya shiga gaba wajen Yunusa. Bunu ya zauna a motarsa shi kaɗai, in ana iya kiran hakan shi kaɗai.

Suka fita daga gari a hankali. A-kori-kurar na nishi kamar tana jan lodin shinkafa. Warin laka ya cika motar, wani sanyi na taɓa ƙeyar Bunu, kujerar baya na motsi kamar mai gyara zama. Ya kafa ido a kan jan ƙyallen, yana taɓa burki yana saki, bakinsa na ambaton Allah. Suka karya kwana a mararraba. Hanya ta ƙuntata, ruwa dama, ruwa hagu.

A wata kwana mai kaifi, inda kacala ta rufe gaba, muryar ta yi magana dab da kunnensa.

"Nan. Tsaya nan."

Hannunsa ya tashi zai fita ta taga, ya mai da shi kan sitiyari. Babu gefen da za a raɓe. In suka tsaya a nan, motoci biyu da igiya a tsakani, duk wanda ya fito daga kwanar sai ya hau su.

"Ba a tsayawa a kwana, Iya," in ji Bunu. "Ki bari mu fita fili."

Motar ta yi nauyi nan take, igiya ta miƙe har tana kuka. Wani abu ya damƙi kafaɗarsa, sanyinsa ya ratsa har ƙashi. Ya cije, bai taka burki ba, bai fito da hannu ba. Suna cikin kwanar wata babbar mota shaƙe da buhuna ta taho ta bayansu da gudu, ta yi hon, ta goga ta wuce, iskarta ta girgiza su. Riƙon da aka yi wa kafaɗarsa ya sassauta.

Gaba kaɗan hanya ta buɗe, ga fili a gefe ƙarƙashin itatuwa. Ya fito da hannu. Yunusa ya gangara a hankali suka tsaya.

Ba a buɗe ƙofa ba. Bayan motar kawai ya ɗago. Ciyawa ta dare biyu daga bakin titi, layin ya yi ta tafiya a hankali, yana ɗan karkata hagu, har ya shige cikin itatuwa, tsuntsayen ruwa na tashi a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Malam ya tsaya yana kallo har ciyawar ta koma ta haɗe, sannan ya shafa addu'a.

Bunu ya kasa sakin sitiyari. Sai da Yunusa ya ɓamɓare masa yatsu. Yana fitowa wayarsa ta yi ƙara. Zara ce. Ta ce Adila ta farka, ta cinye tuwon da ke kwano ta nemi ƙari, tana tambayar me ya sami ƙafafunta aka naɗe su, kuma ina Baba ya tafi da rana haka.

Bunu ya jingina da motar, ya share fuska da hularsa.

"Ki ce mata na rage wa wata tsohuwa hanya," ya ce. "Ga mu nan dawowa."