Gogen Baba Hamidu

Ranar Litinin da hantsi aka kawo wa Sufeto Rufa'i ƙara a Bebeji, wai an sace gogen Baba Hamidu. Shekara talatin tsohon yana yawon kiɗa da iyalinsa, daga Bebeji har Doguwa, kuma kakar 1956 ma ba su fasa ba. Ɗansa Labaran ke kaɗa ƙwarya, 'yarsa Tasalla ke amshi. Ran Juma'a ma'aikatan rediyo za su zo daga Kano su ɗauki kiɗansa a faifai, shi kuwa ya rantse ba zai taɓa gogen wani ba, ɓarawon kuma ko waye sai alƙali ya gan shi.

Sufeto ya tambaye shi inda ya yi wa gogen ganin ƙarshe. Sai tsohon ya kama labarin wasan da ya taɓa yi a Falgore, da bijimin da Fulani suka ba shi. Aka maimaita tambayar, ya ɗauko na Tudun Wada. Ran Sufeto ya ɓaci, ya ɗauka tsabar rainin hankali ne.

'Ya'yan ma ba su fi uban ba. Labaran ya ce a Yako ya ɓata, makiyaya ne suka yanyame su. Tasalla ta ce a Kiru ne. Da Sufeto ya haɗa su wuri ɗaya, sai kowa ya koma kan maganar ɗan'uwansa.

Kwana biyu Sufeto ya yi yana taka keke yana bin sawunsu, yana tsaki. A Kiru wata mai fura ta gaya masa wasan bana bai yi armashi ba: goge na gabas, ƙwarya na yamma, samari na ƙyalƙyala dariya, tsohon yana ta murmushi ya ɗauka yabo ne.

A Yako mai masaukinsu ya rantse bai san komai ba, amma idonsa bai bar kan rumbu ba. Sufeto ya sa aka buɗe. Ga goge nan cikin buhu, an sassauta tsirkiyarsa, an cire ɗan itacen da ke tokare ta an naɗe a tsumma don kada ya huda fata. Ɓarawon da ke sauri ba ya wannan lallaɓawa.

Ran Alhamis da la'asar ya dawo Bebeji, ya tarar da su Baba Hamidu a ƙofar gida, maƙwabta sun cika. Ya miƙa wa tsohon gogensa, sannan ya zagaya bayansa, ya kira sunansa sau uku. Ko gezau bai yi ba.

"Labaran, wa ya koya maka kwance goge?"

"Baba ne, ranka ya daɗe."

"Me ya sa ka ɓoye shi?"

Labaran ya sunkuyar da kai. "Tun bara kunnensa ya mutu. Ba ya jin abin da hannunsa ke yi, mu kuma ba mu da bakin gaya masa. Dariyar Kiru ta wuce. Amma faifai ba ya mantuwa, jikokinsa ma sai sun ji."

Tasalla ta rufe fuska da mayafi. Takaici ya kama Sufeto, don ya so a ce makiyayan ne. Amma ƙara ta riga ta shiga littafi. Ya yi wa ɗan dokan da ke tare da shi ishara, aka tasa ƙeyar Labaran.

Baba Hamidu yana zaune rungume da gogensa, har ya fara ɗaure tsirkiya. Ya ɗago yana fara'a, sai ya hangi ɗansa a gaban ɗan doka.

"Yallaɓai, me ya ce? Ina za a kai min shi? Wa zai kaɗa min ƙwarya gobe?"

Sufeto ya buɗe baki, ya dubi maƙwabta, ya ga amsar ba za ta shiga ba sai da ihu. Ya rufe littafinsa, ya ja kekensa.