Gaisuwar Da Ba A Amsa Ba

"Zuliha! Ki buɗe ƙofar nan na ce!"

Inna, mahaifiyar Zuliha, ce ke dukan ƙofar ɗakin, tana danne murya don kada baƙuwa ta ji. A tsakar gida Hajiya Aishat, mahaifiyar Zikrullahi, na zaune bisa tabarma. Tun daga unguwar Fadikpe ta zo Tudun Wada, duk a cikin Minna, da kwanon ƙuli-ƙulin Bida, don ta ga yarinyar da ɗanta ya kafe sai ita zai aura.

A cikin ɗaki kuwa Zuliha gumi kawai take yi, wayarta jingine da gwangwanin madara. Tun da kamfaninsu na fitilun sola ya rufe ofishin Minna, duk wani mitin ya koma cikin waya. Oga David daga Abuja ya riga ya ja musu kunne: duk wanda fuskarsa ta ɓace ana mitin, ya ɗauka ya ajiye aiki. Ga shi ya rufe muryar kowa, shi kaɗai ke zuba. Ta ɗaga hannu, ta rubuta tana neman izini, ba wanda ya lura. A da, suna ofis, ranar da Inna ta kwanta asibiti, fuskarta kawai ya kalla ya ce ta tafi gida. Yau ta zama ɗan hoto kamar kan ashana.

Mitin ɗin da aka ce gajere ne bai ƙare ba sai da aka kira la'asar. Ta fito a guje, ta tarar da tabarma wayam, sai kwanon ƙuli-ƙuli.

"Kin kyauta!" Inna ta ce. "Mace ta bar shagonta ta zo gidanmu, kina jin sallamarta kika ƙi fitowa? Mutanen Bida gaisuwa ce mutuncinsu!"

"Inna, wallahi aiki nake yi…"

"Aiki a kan katifa? Da kina ofis da na ce mata ba kya nan, ta tafi da girmanta. Amma ga takalmanki a bakin ƙofa! Me zan ce mata?"

Zuliha ta fashe da kuka. Aikin nan ne ke ciyar da gidan tun rasuwar Baba, Inna ma ta sani.

Da yamma Zikrullahi ya zo, ya tsaya a zaure, ko zama bai yi ba.

"Nna ta ce a janye maganar aure," ya ce, yana kallon ƙasa. Haka yake kiran mahaifiyarsa da yarensu.

"Kai kuma ka ce me, Yaya Zikiru?"

"Na ce bari in kira ki a bidiyo ki ba ta haƙuri. Sai ta kife wayar, ta ce ba a durƙusa wa mutum a cikin gilashi."

"Ni ka kalle ni mana!" ta ce da zafi. "Kowa ya daina kallona!"

Ya ɗago, ya ga idanunta sun kumbura. Muryarsa ta yi laushi. "Ba inda za ni, Zuli. Amma ki je da ƙafarki."

Ta je da ƙafarta. Kullum da safe sai ta isa shagon atamfar Hajiya a Kasuwar Kure, ta zube gwiwa biyu ta gaishe ta. Hajiya kan ɗauke kai ta ci gaba da ninke zane. Zuliha ta haɗiye fushinta, washegari ta dawo.

Ran nan tana durƙushe wayarta ta ɗauki ƙara: mitin ɗin gaggawa. Ta kalli wayar, ta kalli Hajiya, ta mayar da ita jaka.

"Ɗauka," Hajiya ta ce. Maganarta ta farko ke nan. "Zauna nan. Ina so in ga waɗanda suka fi ni daraja."

Zuliha ta jingina wayar da turmin atamfa. Fuskoki suka bayyana. Wani na ihu, "Kuna ji na? Kuna ji na?" Abokiyar aikinta Rifkatu ta daskare baki buɗe, netwok ya riƙe ta. Oga David ya danna wani abu, ihun ya ɗauke, ya ci gaba da magana yana kallon wani wuri daban.

Hajiya, wadda ba ta iya ganin mutane ta yi shiru, ta gyara mayafi ta matso.

"Sannunku da aiki. Ina kwananku? Yaya iyali? Yaya gajiya?"

Ba wanda ya amsa.

"Kai mai gilashi, da kai nake! Ba uwa a gidanku ne?"

Oga David ya ci gaba da zubarsa.

"Ya rufe mana murya, Hajiya," Zuliha ta ce a hankali. "Ba ya jin ki. Sai ya ga dama zai buɗe."

"To ki ɗaga hannu!"

Ta ɗaga. Hajiya ma ta ɗaga nata, awarwaro na ƙara, har maƙwabtan shago suka leƙo. Ba wanda ya kula su.

"La'ilaha illallahu! Wannan taro ne ko kurkuku?" Ta juyo a fusace, sai idonta ya faɗa kan hawayen Zuliha. Ta daɗe tana kallon ta. "Haka suka yi miki ranar?"

Zuliha ta gyaɗa kai. "Na ji sallamarki, Hajiya. Har cikin raina na ji ta."

"Daina ce mini Hajiya. Nna za ki ce." Ta goge mata fuska da gefen mayafi. "Ki gaya wa ogan nan naki, bikin ɗana ba a waya za a yi shi ba. In zai zo, ya zo da ƙafarsa, in ga idonsa in faɗa masa abin da bai ji ba yau."

Ya kuwa zo, ya kuma ji. Hajiya ta tsare shi a bakin rumfar biki, ba inda zai danna ya rufe mata murya. Kafin ya koma Abuja ya yarda ma'aikatan Minna su riƙa haɗuwa ido da ido, kuma duk mai uzuri a sallame shi.

Haƙurin Zuliha da zuwanta da ƙafarta ne suka dawo mata da Zikrullahi. Waya na iya kai fuska ko'ina, amma damuwar mutum sai wanda ya zauna kusa da shi ke ganinta.