Keke na Bakwai a Tseren Gidan Rumji

"Gobe?" Igiyar da Lantana ke ɗaure kekuna da ita ta suɓuce daga hannunta. "Hayatu, gobe ka ce?"

"Gobe da asuba."

"Sai yanzu kake gaya mini? Gaban yara?"

"Jiya Baba ya yanke magana, Lantana, kudu za mu yi da shanu. Shanu tara suka rage mana cikin sittin. In muka ƙara sati nan, fatunsu za mu ɗauka mu tahi da su."

"Ni kuma fa?"

Ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya ƙulle ta jikin amalanke, ya ja ta har sau biyu kamar ita ta yi masa laifi.

Shekarar nan damina ta yi wa mutanen Gidan Sori ƙarya. Hatsi ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya yana kallon sama har ya bushe a tsaye. Rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, ɓerayen ma suka gaji suka yi gaba. Cikin wannan hali ne fa samarin Gidan Rumji suka ce za su yi wa 'yan lakol, wato 'yan makaranta, tseren keke. Tsofaffi suka ce hauka ne, wa ya ga wasa da cikin da ba komai! Madam Lantana, malamar aji biyar, ita ta ji abin da tsofaffin ba su ji ba: duk yaron da ya shiga tseren za a ba shi shinkafa da nama ya ci ya ƙoshi. Ta bi gida gida ta aro kekuna bakwai da yunwa ba ta kai kasuwa ba tukuna.

Hayatu ya gyara su. Bafillace ne ɗan rugar Jaye, wani rani ya zauna Maraɗi ya koyi liƙin taya, ya dawo gida da hannu mai albarka. Sati uku yana koya wa yaran hawa cikin rairayi. Shekara biyu kuma yana koya wa zuciyar Lantana abin da ba ta roƙe shi ba.

"Ka yi wa Baba maganarmu?" ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Sau huɗu."

"Mi ya ce?"

"Abin da ya saba. Allah shi kai mu damina."

"Ba i, ba a'a..."

"Ba ya magana irin wagga da baki, hasken idona. Mu haka muke."

"To ni da mi zan riƙe ka? Waɗanda suka yi kudu wancan farin, nawa suka komo?"

"Ki biyo mu."

"In bar Inna Talatu da wa? Ba ta gani sai inuwa. Ka sani."

"Ni ma ba ni barin tsoho shi kaɗai bayan shanu."

Gaskiya ya faɗa, ita ma gaskiyar ta faɗa, shi ya sa abin ya yi ciwo. Yara bakwai suka ɗare kan amalanke tsakanin kekuna, Hayatu ya kama akalar jakuna, aka ɗauki hanya.

Lantana ta zauna can baya, ƙafafunta na lilo. Gari ya fara haske, gonaki shimfiɗe fari fat har iyakar gani, itatuwan gawo kaɗai ke da ganye. Ta lumshe ido. Sai ta ga hanyar nan ta yi kore, ruwa kwance a fadama, shanu sun cika burtali, ita kuma tana zaune bakin wata bukka da ƙwarya a cinya, wani ɗan yaro mai dogon hanci irin na Hayatu yana jan zanenta. Har ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa ta ji. Amalanke ya faɗa rami, ta buɗe ido, babu komai sai bayan Hayatu da malfarsa.

"Madam, kuka kike?" in ji Chindo, ƙaramin cikinsu, wanda aka ɗaure wa tsumma a feda don ƙafarsa ba ta kai wurin sosai.

"Wa ya ce maka? Rana ce. Riƙe kekenka."

Hantsi suka isa Gidan Rumji, ranar kasuwa. Yara sun fi sittin, daga Tibiri, daga Shadakori, daga ƙauyukan da Lantana ba ta taɓa jin sunansu ba. Hanyar tseren ba ta wasa ba ce. Za a fita bayan kasuwar dabbobi, a gangara cikin gulbin da ya ƙafe, a haura tudun marmara, a zagayo wata tsohuwar kuka, a dawo.

Hayatu ya bi kekunan nan ɗaya ɗaya yana rage musu iska.

"Cikin rairayi taya mai laushi ke tahiya," ya ce musu. "Kada ku bi tsakiya. Ku nemi inda shanu suka taka, nan ƙasa ta fi tauri."

Can gefe, ƙarƙashin wata aduwa, Lantana ta hango Jaye, mahaifin Hayatu. Tsoho ne dogo, sanda a kafaɗa, riƙe da igiyar wata maraƙa da ake iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Ta je ta durƙusa.

"Ina kwananku, Baba?"

"Lahiya, Malama."

Shi ke nan. Idonsa na kan maraƙar. Ta tashi ta koma wajen yara.

Aka busa usur. Kekuna suka zuba cikin gulbi, mutane na ihu, masu tallar goro ma sun ajiye faranti. Waɗanda suka cika taya da iska suka fara nutsewa cikin rairayi suna sauka suna turawa, yaran Gidan Sori kuwa suka bi gefe a jere kamar tumakin gida guda, suka haura tudu, suka ɓace.

Jira ya yi tsawo. Sai ga ɗan Tibiri ya ɓullo, bayansa kuma, ikon Allah, Magaji ne, ɗan ajin Lantana, baki buɗe, riga ta manne da zufa. Na biyu! Jama'a suka ɗaga shi sama. Aka fara kiran malamar Gidan Sori ta zo ta tsaya kusa da manyan baƙi, a miƙa mata buhun dawar da yaronta ya ciyo.

Lantana ba ta ji ba, ƙirga take yi. Magaji, ɗaya. Maikuɗi, biyu. Uku, huɗu... biyar... shida. Ta tsaya tana kallon bakin gulbi. Yaran wasu garuruwa suka gama shigowa, mai usur ya sa usur ɗinsa aljihu, aka fara sauke tukwanen shinkafa.

"Ina Chindo?"

"Yana baya, Madam. Tun wajen kuka."

"Madam Lantana!" mai shela ya sake kira. "Ana jiranki!"

"Su jira."

Ta ɗauki gorar ruwanta, ta cire takalma ta riƙe a hannu, ta gangara cikin gulbi. Hayatu yana can tsakiyar jama'a yana riƙe da Magaji, bai ga fitarta ba. Rairayi ya yi zafi kamar kaskon tuya, ita ko a jikinta. Ta haura tudun marmara tana haki, ƙaya ta kama mata zane ta fizge.

Gindin kukar ta same shi, zaune, keke kwance gefensa, sarƙa ta zame. Leɓunansa sun yi fari.

"Jiri ya ɗebe ni, Madam. Ban ci komi ba tun jiya... na bar ma ƙanwata."

"Sha. A hankali."

Ya sha, ya dube ta da idanun da suka yi zuru-zuru.

"An cinye shinkafar?"

"Wa ya isa? Tashi."

Ta mayar da sarƙar da hannunta, baƙin mai ya ɓata mata yatsu. Ta ɗora shi kan sirdi, ta kama kan keken da hannu ɗaya, ɗayan a bayansa, ta yi ta turawa. Da suka kusa kasuwa ta sake shi.

"Taka da kanka. Kada ka shiga gari ana tura ka."

Chindo ya taka. Ya shiga fili yana tangaɗi, lokacin manyan baƙi sun tashi, babu mai tafi sai 'yan ajinsu shida da suka ajiye masa kwanonsa a rufe.

Lantana ta jingina da aduwa tana cire ƙaya daga tafin ƙafa. Ba ta lura da wanda ke tsaye wurin ba sai da ya yi gyaran murya.

"Malama."

Ta zabura ta durƙusa. Hayatu ya iso da gudu, ganin mahaifinsa ya sa ya ja birki nesa kaɗan.

"An kira ki ki amshi buhu," in ji Jaye, da Hausarsa mai nauyi. "Kin tahi."

"Ɗaya bai komo ba, Baba."

"Shida sun komo."

"Bakwai na kawo."

Tsohon ya daɗe yana kallonta, yau ne farkon da ya dube ta ido da ido.

"Shekara hamsin ina kiwo," ya ce. "Kowa na iya tahiya gaban garke. Mu baya muke duba mutum." Ya jawo maraƙar. "Sunanta Wule. Uwarta ta faɗi watan jiya. Ba ta iya tahiyar kudu. Mahauta sun taya, hannuna ya ƙi sakin igiya. Miƙo hannunki."

Ta miƙa hannun nan mai baƙin mai. Ya naɗa igiyar a tafinta, ya rufe yatsunta a kai.

"Habbanaye ce."

Duk wanda ya tashi kusa da ruga ya san wannan kalma. Makiyayi ya ba ka dabbarsa ka riƙa, 'ya'yan da ta haifa naka ne, uwar kuma amanarsa ce a hannunka. Ba a ba baƙo ita, ba a ba wanda za a manta. Hawaye suka zubo wa Lantana, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoye su ba.

"Baba... mi zan ba ta? Ko kara babu."

"Akwai gawo garinku?"

"Akwai uku bayan lakol."

"Ki kakkaɓo mata 'ya'yan. Ba ki barinta, na gani." Ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Mai habbanaye yakan zo shi duba abinsa in ruwa ya sauka. Ni ƙafata ta tsufa, wancan zan aiko." Ya nuna Hayatu da haɓa, ko sunansa bai kira ba. "Ki ce ma innarki ta nemi tabarma babba. Da ƙannena biyu zai zo."

Ya juya ya nufi inda shanunsa tara ke tsaye, bai waiwayo ba.

Hayatu ya matso. Namiji ne, Bafillace kuma, amma idonsa ya yi ja.

"Kin ji shi?"

"Na ji..."

"Da ruwan farko, rabin raina. Ko da rarrafe."

"In ruwan ya sake ƙin zuwa fa?"

"Sai in zo in duba Wule cikin rani. Ba wanda ya hana."

Ta yi dariya cikin kuka, ta share fuska da bayan hannu, man keke ya zana mata baƙi a kumatu.

Bai bi su Gidan Sori ba, akwai shanun da za a shayar kafin tafiya. Ya ɗauki maraƙar cak ya ɗora ta kan amalanke tsakanin buhun dawa da kekuna, ya miƙa wa Magaji akalar jakuna. Amalanke ya motsa. Lantana na zaune baya, kan Wule a cinyarta, tana kallon Hayatu tsaye bakin hanya yana ƙanƙancewa, har malfarsa ta gauraya da sauran malfunan kasuwa.

Ta ɗaga ido sama. Babu ko ɗigon gajimare, kuma wata biyar ne tsakaninta da damina. Ta buɗe gorar, ta zuba ɗan ruwan da ya rage a tafin hannunta, ta kai bakin maraƙar.

"Sha," ta ce. "Don Allah kada ki mutu mini, Wule. Sha."

Maraƙar ta shinshina, ta daɗe, sannan ta sa harshe ta lashe.